Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Adana Tarihin Gari a Karkara

Ƙungiyar adana tarihin gari ba ta buƙatar ofis ko kujeru kafin ta fara aiki, kuma sau da yawa ƙungiyar da ta fara da neman fili da rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takardar neman tallafi a nan take tsayawa. Abin da ake buƙata da farko shi ne mutum biyar zuwa bakwai masu haƙuri, da babban littafin rajista mai ƙarfin bango, da waya mai ɗaukar murya da hoto, da kuma jerin sunayen dattawan garin, maza da mata, wanda aka tsara daga mafi tsufa ko mafi rauni zuwa wanda yake da sauran ƙarfi. Wannan jeri shi ne zai nuna wa ƙungiya inda za ta fara, domin duk wanda ya yi wayo a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya rasu a 1953, yau ya kai shekara tamanin ko ya haura, kuma irinsu ba su da yawa a kowace unguwa.

A cikin waɗanda za su riƙe aikin a samu malamin makarantar boko mai kyan rubutu, da malamin zaure mai karanta Larabci da ajami, da matashin da ya iya sarrafa waya, da dattijo ɗaya wanda kowane ɓangare na gari yake ganin girmansa, sannan mata aƙalla biyu. Kada dukkansu su fito daga gidan sarauta, kada kuma a ba mai neman takara shugabanci ko da shi ne zai fi kowa ba da kuɗi, saboda ranar da aka fara kallon ƙungiyar a matsayin ta wani gida ko ta wata jam'iyya, rabin garin zai kama bakinsa. Bayan an haɗu sai a bi ta hannun mai unguwa zuwa ga dagaci, dagaci kuma ya gabatar da ƙungiyar ga hakimi, sannan a roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. A gaban kowannensu a faɗi magana guda a fili, wato ƙungiyar ba za ta zama shaida a rikicin sarauta ko na iyakar gona ba, kuma ba za ta yanke hukunci a kan wanda ya riga wani zuwa garin ba. Rajista da ƙaramar hukuma, ko da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa idan ana son buɗe asusun banki da sunan amintattu, abu ne da zai iya jira har sai aiki ya kankama.

Hira da dattawa

Nan ne gundarin aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, bayan an gama girbi an kai amfanin gona gida, da hantsi ko bayan la'asar, a ranar da ba ta kasuwa ba. A je da goro ko ɗan abin hasafi kamar yadda aka saba zuwa gaida manya, amma kada a sa wa labari farashi, domin wanda aka biya don ya ba da labari zai ga kunyar ya ce bai sani ba, sai ya ƙirƙiro. Kafin a shiga magana a kunna waya a faɗi kwanan wata, da wurin da ake, da sunan mai tambaya, sannan a bar dattijon ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu da sana'ar gidansu, kuma a nemi izininsa a cikin muryar da ake ɗauka: “Baba, ka yarda a ajiye wannan magana, jikoki su saurara? Akwai abin da ba ka so a fitar?”

Kowane dattijo a same shi shi kaɗai, ko da ɗansa guda a gefe. A majalisar ƙofar fada ko ta gindin bishiya mafi girman muƙami ne yake magana, sauran kuma su riƙa cewa “haka ne”, sai a tashi ana zaton mutum goma sun tabbatar da labari alhali bakin mutum ɗaya aka ji. Kada a katse mai magana idan ya kauce hanya, saboda sau da yawa a cikin kaucewar ne yake ambaton sunan tsohuwar kasuwa ko rijiyar da kowa ya manta.

Tambaya mafi muhimmanci, wadda ya kamata a maimaita a kan kowane labari, ita ce: “Baba, wannan da idonka ka gani, ko ji ka yi? A bakin wa ka ji, shi kuma a ina ya samo?” Mutanenmu sun san darajar isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito magana ɗaya daga ɗaya, a wajen malaman hadisi, kuma irin wannan kulawar ce tarihin gari yake buƙata daidai gwargwado. Labarin da tsohuwa ta ji daga kakarta, wadda tana yarinya aka gudu da ita cikin ganuwa saboda harin Ningawa, ba ɗaya yake da labarin da wani ya ji a rediyo shekaran jiya ya mayar da shi na garinsu ba. Dukkansu a rubuta, amma a rubuta inda kowanne ya fito.

Dattawan karkara ba su cika ƙirga shekaru da lamba ba, da abin da ya faru suke ƙirgawa, saboda haka ƙungiya ta tanadi takarda guda mai ɗauke da manyan al'amuran da aka san shekarunsu, ta riƙa auna labarai da ita. Yaƙin Basasar Kano tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, wanda ya shafi Takai da garuruwan gabas da kudu, an yi shi daga 1893 zuwa 1895. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Haɗeja kuma a 1906. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin da ya bi ta Ringim da Malam Madori ya kai Nguru a 1930. An yi babbar yunwa a 1914 wadda ake kira Kakalaba a wurare da dama, da kuma ta 1927 da ake kira 'Yar Buhu, ko da yake kowane yanki yana iya samun sunan da ya raɗa wa tasa, kuma wannan sunan shi kansa abin rubutawa ne. A kusa-kusa akwai zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, da samun mulkin kai a 1960, da saukar Sarki Sanusi da hawan Ado Bayero a 1963, da kisan Sardauna a 1966, da komawa tuƙin hannun dama a 1972, da canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira a 1973, wadda ita ce kuma shekarar babban fari, da soke haraji da jangali da gwamnatin Abubakar Rimi ta yi a 1979, da ɓallewar madatsar ruwa ta Bagauda a 1988, da ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Idan dattijo ya ce an gina masallacin Juma'a yana saurayi, sai a tambaye shi ko a lokacin da sule ake ciniki ko da kwabon naira, ko kuma ya riga ya fara biyan haraji. A kan ƙauyen ne kuma ƙungiya za ta ƙara nata ma'aunin, kamar shekarar gobara, da shekarar fara, da shekarar ambaliya, da jerin dagatan da aka yi.

Za a sami saɓani, kuma ba laifi ba ne. Gidan sarauta zai ce kakansu ne ya sari garin, maƙera su ce ya tarar da su, wata unguwa kuma ta ce asalin garin yana kufai can gabas kafin annoba ko yaƙi ya tashe shi. A ganina babban kuskuren da masu rubuta tarihin garuruwa suke yi shi ne narkar da waɗannan ruwayoyi su zama labari guda mai daɗin ji, wanda yawanci yakan zama na gidan da ya fi ƙarfi a yau. Abin da ya dace shi ne a ajiye kowace ruwaya da sunan mai ita, a nuna inda suka haɗu da inda suka rabu. Haka ma da'awar cewa asalin mutane daga Gabas suka zo, wadda da wuya a rasa ta a gari, a rubuta ta yadda aka faɗa, ba tare da ƙungiya ta ƙaryata ko ta sa hannu a kanta ba.

Tarihin da ke cikin gida mata ne kaɗai za su iya ɗauko shi, shi ya sa aka ce a sa su a ƙungiya tun farko. A wajen tsofaffin mata ake samun waƙoƙin niƙa da na daka da na gaɗa, da yadda ake jere da kayan ɗaki a da, da abin da aka ci a shekarun yunwa, da auratayyar da ta haɗa gidaje da garuruwa, wadda sukan riƙe fiye da maza. Ungozoma ta san wanda ya girmi wani a unguwa baki ɗaya. Haka kuma kada a tsaya a kan masu sarauta da malamai kawai. A je wa sarkin maƙera, da sarkin aska, da sarkin pawa, da sarkin noma, da masaƙa da marina da dukawa, da masunta a garuruwan fadamar Haɗeja, da Fulanin da suka san burtali da mashaya, da waɗanda iyayensu suka yi fatauci zuwa Gwanja ko suka saba cin rani. Makaɗa da maroƙan fada suna riƙe da jerin sarakuna a cikin kirari, sai dai a tuna cewa aikinsu yabo ne, kuma sarkin da aka tuɓe yakan ɓace daga bakinsu.

Akwai maganar da za a ji wadda ba ta fitarwa ba ce. Asalin bauta, da zaman rinji, wato ƙauyen bayi masu noma, da gidan da kakanninsu Maguzawa ne ko masu bori, da dalilin tuɓe wani dagaci, duk tarihi ne na gaskiya, amma a ƙauye irin wannan magana tana iya fasa aure ko ta raba zumunci. A ɗauka idan mai maganar ya yarda, a sa mata alama a rajista cewa a rufe take, kuma kada ta fita sai da yardar zuriyar da abin ya shafa.

Cikin mako guda da yin hira a zauna a rubuta ta kalma da kalma, tun mai tambaya yana tuna abin da bai fito sosai ba. A bar harshen mai magana yadda yake, kada a mayar da Haɗejanci ya koma Kananci don a ga ya fi kyau a takarda, kuma wanda ya fi sakewa da Fulatanci ko Barbarci a nemo masa mai jin harshensa.

Takardu da kayan gado

Ƙa'ida ta farko ita ce ƙungiya ba ta karɓe kayan mutane. Littafin da malami ya gada a gafaka, da takobin gidan sarauta, da wasiƙar naɗi, da tsohon rasit na haraji ko jangali, da takardar sayen gona mai hatimin alƙali, da hoton ranar tafiya aikin Hajji, duk a ɗauki hotonsu a gidan mai su, a gabansa, a mayar masa nan take. Mutanen karkara sun sha ganin wanda ya ari takarda da sunan bincike bai dawo da ita ba, kuma gida ɗaya da aka yi wa haka ya isa ya rufe wa ƙungiya sauran ƙofofi. Idan wani da kansa ya ba da kyauta ko ajiya, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu, a bayyana ko kyauta ce ko amana, domin magada za su tambaya wata rana.

Tsofaffin littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, wato bangon da ake rufe su da shi, saboda haka hatsarin farko shi ne hargitsa jerinsu. A wanke hannu a bushe shi, a shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa mai haske inda iska ba ta kaɗawa, a riƙa ɗaukar hoton kowace warƙa gaba da baya ana kifa ta a gefe bi da bi, ba tare da kunna fitilar waya ba. Idan an tarar jerin ya riga ya rikice, malamin ƙungiya zai iya gyarawa ta bin kalmar da marubuta suke sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, amma a fara ɗaukar hoto yadda aka tarar kafin a taɓa komai. A kula sosai da shafin ƙarshe, inda mai kwafi yakan rubuta sunansa da na malaminsa da ranar da ya gama, wani lokaci da ramzi, wato haruffa a madadin lambobi, wanda sai masani ne zai warware. Shekarar da za a samu ta Hijira ce, kuma don a sami abin kwatance, Turawa sun shiga Kano a 1320, hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu kuma ta 1804 ta faɗa a 1218. A ɗaga warƙa ɗaya a hankali a duba ta a haske, domin takardu da yawa na ƙarni na 19 suna da tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinsu, alamar takardar Italiya da fatake suka riƙa kawowa ta hamada. Rubuce-rubucen gefen shafi, inda wani ya rubuta ranar haihuwar ɗansa ko bashin da ake binsa, sau da yawa sun fi matanin littafin amfani ga tarihin gari.

Kada a liƙe yagaggiyar takarda da salatif, kada a kai ta shago a manne ta cikin leda da zafi, kada kuma a rubuta mata lamba da biro, saboda dukkan ukun ɓarna ce da ba ta gyaruwa. A shawarci mai littafi ya naɗe shi da farin ƙyallen auduga, ya sa a akwatin ƙarfe, ya ɗora a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa kuma bai jingina da bango ba, saboda gara da laima, sannan ya riƙa buɗewa yana dubawa kafin damina da bayanta.

Wuraren tarihi

A zaɓi rana a zagaya garin da dattawa biyu ko uku, a ɗauki hoto da sunan kowane wuri: ragowar ganuwa da inda ƙofofi suke, da kufai, da tsofaffin rijiyoyi, da karofin marina da aka daina aiki da su, da tudun da ake samun kashin maƙera, da barikin da Turawa suke sauka, da inda ake awon gyaɗa, da manyan kukoki da tsamiyoyi masu suna. Sunayen gonaki da fadamu ma a rubuta su, domin suna riƙe da sunayen mutanen da suka shuɗe. Ganuwa kan ƙare ne a hannun masu ɗibar ƙasa don gini, kuma maganar dagaci ta fi kowane allon gargaɗi tasiri a kan haka.

Kada ƙungiya ta yi tono. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana haƙar kayan tarihi da fitar da su daga ƙasa ba tare da izini ba, kuma tukunyar da aka zaro daga inda take ta rasa mafi yawan abin da za ta iya gaya wa masana. Idan manomi ko mai haƙar rijiya ya ci karo da wani abu, a ɗauki hoto, a rufe wurin, a sanar da hukumar ta ofishinta da ke Gidan Makama a Kano. Garuruwan da ke da duwatsu su duba kogunan dutse da kyau, tunda zane-zanen Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu suna cikin wuraren tarihin da ƙasa take karewa, kuma kada a yarda kowa ya shafa wa irin wannan zane ruwa ko alli don ya fito a hoto.

Bayan an tara abin da ke gida, sai a tura mutum biyu su nemi abin da aka rubuta game da garin a waje. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana Gidan Ɗan Hausa, a Kaduna kuma akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello. Abin nema shi ne rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta a kan gundumomi don tsara haraji, waɗanda sukan ƙunshi sunayen ƙauyuka da yawan mutane da dabbobi da sana'o'i da ɗan tarihin sarauta. Mutanen Jigawa su nema a ƙarƙashin Lardin Kano, su kuma tuna cewa Dutse da Ringim da Birnin Kudu gundumomin masarautar Kano ne a wancan zamani, yayin da Haɗeja da Gumel da Kazaure suke da sarakunansu. A gwada rubuta sunan gari ta hanyoyi daban-daban, saboda Turawa sun rubuta yadda kunnensu ya ji. Kada kuma a ɗauka cewa abin da ke cikin fayil ya fi na bakin dattijo inganci don kawai a rubuce yake, tunda Baturen ma daga bakin hakimi ya ji, ta hanyar tafinta, a lokacin da kowa yake da dalilin rage yawan shanunsa.

Ajiya da mayar wa gari abinsa

Kowace hira da kowane hoto a ba shi lamba, a shigar da lambar a littafin rajista tare da bayanin wane ne, mene ne, yaushe, kuma a buɗe yake ko a rufe. A ajiye komai a wuri uku da ba gida ɗaya ba: katin ajiya a hannun sakatare, da kwamfuta ko wani katin a makaranta, da kwafi a intanet ƙarƙashin adireshin ƙungiya, wanda aƙalla mutum biyu suka san kalmar sirrinsa. Tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba yana rage ingancinsa har ƙananan haruffan ajami su dushe, saboda haka a kwafe shi kai tsaye daga wayar. Hirarrakin da aka rubuta a buga su a takarda, domin takarda ba ta buƙatar caji.

Wanda ya fara cancantar ganin sakamakon aikin shi ne wanda ya ba da labari, don haka a kai wa kowane gida kwafin muryar tsohonsu da hoton takardunsu. Daga nan sai makarantu, inda za a iya kai dattijo aji ya yi magana, ko a fita da ɗalibai su ga ganuwa da karofi, ko a ba kowane yaro aikin rubuto sunayen kakanninsa da sana'arsu. Lokacin Sallah, sa'ad da 'yan garin da ke Kano da Legas da Abuja suke dawowa, shi ne ya fi dacewa da baje kolin hotuna a makarantar firamare, kuma a nan ne ake samun gudummawar kuɗi da tsofaffin hotunan da ba a san da su ba. Duk abin da za a sa a Facebook ko a kai gidan rediyo, a tabbata yana cikin waɗanda aka ba da izinin fitarwa, a kuma ambaci wanda ya ba da shi.

Littafin tarihin gari kada a yi gaggawarsa. Kafin a kai maɗaba'a a karanta daftarin a bainar jama'a, unguwa-unguwa, a saurari gyara, wanda ya kawo wata ruwaya dabam kuma a ɗauki muryarsa a ƙara ta a rajista da lambarta. A buga kaɗan da farko, da boko, sannan a yi wasu da ajami saboda dattawan da shi suka iya karantawa. A ƙarshen kowace shekara sakatare ya kawo rajista da katunan ajiya gaban 'yan ƙungiya a ƙirga a gwada ko suna buɗewa, kuma idan zai bar gari ko ya sauka, ya miƙa su ga magajinsa a rubuce a gaban dagaci da liman.